Igiyar Baba da salkar Auta

 Yau ba farashin hatsi muka zo da shi ba. Magana ce ta cikin gidanmu, wadda ta hana mu barci kusan mako uku a kakar da ta wuce, kuma sai yanzu masu ita suka ba mu izini mu rubuta. Wanda ya ga ta yi tsawo ya yi haƙuri. Mai aikin rediyo in aka ba shi fili babu agogo a gabansa, to sai Allah.

Duk wanda ya san Attantane ya san ruwa a wurinmu jawo shi ake yi, ba a shiga cikinsa. Gulbin Kaba suna ne kawai, goriba da yashi ne suka cika shi. Tafkin damina shi ne tekunmu, shi ma kafin a gama sussuka ya koma laka. Rijiyar unguwarmu gaba talatin ce da ɗoriya, in ka leƙa sai ka ga ruwan can ƙasa kamar idon kaza. A wannan ƙasa aka haifi autanmu, kuma yau a ƙarƙashin teku yake neman abincinsa, a Lome.

Cin rani ya tafi kamar kowa, shekara bakwai ke nan. Ya sauka Zongo wurin ƴan garinmu, ya yi tallar ruwa, ya yi dako a tashar masunta, a can ya koyi iyo. Wani dattijo ɗan Togo mai aikin nutso ya ga yaron ba shi da tsoro kuma ba shi da gaggawa, ya ɗauke shi. Ya fara da riƙon igiya a cikin kwalekwale, ya koma kankare ƙasan jirgi, da warware taru in ya naɗe farfela, har ya yi horo ya samu takarda. Inna dai abin da ta sani shi ne ɗanta yana "wankin jirgi". Mu ma ba mu gyara mata ba.

Ana tsakiyar roron wake ya aiko mana vokal. Ya ce: "Yaya, an ƙara mini aiki. Za a riƙa tura ni duba sarƙoƙin da ke riƙe da alamomin kan ruwa, mita 25 zuwa 30. Tulu ɗaya ba ya isa, sai biyu. Tulunan na wurin aiki ne, amma allon baya da salka kowa nasa yake saye. Ina da jaka 120, ku taimaka mini da ciko."

Sai da muka saurare shi sau uku, domin ba mu san allon ba, ba mu san salkar ba.

Ga yadda abin yake, kamar yadda muka fahimta daga baya. Mai nutso yana goya iskar da zai shaƙa a cikin tulun ƙarfe, irin tulun gas amma siriri. Tun 1943 da Bafaranshen nan Jak Kusto da injiniya Emil Ganyan suka ƙera na'urar da ke sakin iska daidai da numfashin mutum, haka ake yi. To amma ruwa yana da nauyi. Kowace mita 10 da ka sauka, an ƙara maka matsi kwatankwacin na iskar duniya gaba ɗaya. A mita 30 matsin ya ninka huɗu, saboda haka kowane numfashi yana cinye iskar numfashi huɗu na kan tudu. Tulun da Auta ke aiki da shi na alminiyom ne, lita 11 da ɗan kai, ana dura masa iska har matsi 207, wato kamar lita 2,200 in aka sake ta. Mutumin da ke shaƙar lita 20 a minti a sama, a mita 30 lita 80 yake sha. Ku yi lissafin da kanku: ko rabin awa ba za a yi ba tulun ya ƙare tas, kuma wannan in yana kwance ne ba ya aikin ƙarfi. Shi ya sa ake haɗa biyu, a ɗaure su da maɗaurin ƙarfe, a gama bakunansu da bututu mai famfo a tsakiya, yadda in ɗaya ya samu matsala za a rufe shi a tsira da iskar ɗayan.

Tulu biyu cike da iska, da maɗaurinsu da na'urorin numfashi, sun kusa kilo 40 a tudu. Ba a rataya irin wannan kaya a jikin riga. Sai an samu allo na ƙarfe, su a can "plak" suke ce masa, mai lanƙwasa a tsakiya don ya kauce wa ƙashin baya, a kafe tulunan a jikinsa da kusoshi biyu masu tazarar santimita 28. A jikin allon ake zura ɗamarar da ke bi ta kafaɗu da ƙugu. Tsakanin allo da tuluna kuma ake sa jakar iska mai kama da fiffike. Mu salka muka raɗa mata, don ita ma fata ce a ciki da riga a waje, sai dai iska take ɗauka a maimakon ruwa. In mai nutso ya yi nauyi ya hura mata iska, in ya yi sakayau ya sace kaɗan, har ya tsaya cak a tsakiyar ruwa, ba sama ba ƙasa.

Wani mai sayar da kayan hannu a bakin tashar jiragen ruwa, irin okaziyo ɗin da ke zuwa daga Turai, ya nuna wa Auta saiti biyu. Na farko allon alminiyom ne wanda bai kai kilo ɗaya ba, da babbar salka mai ɗaga kilo 27, da ɗamara mai katifa da maɓallan roba a kafaɗa, jaka 170. Na biyu allon inoks ne, ƙarfen nan da ba ya tsatsa, kilo biyu da rabi, da salka mai ɗaga kilo 18, da ɗamara tsirara ba katifa ba ado, jaka 245.

Da muka zauna a zaure bayan isha'i, ba a yi minti biyar ba aka gama magana. Babban yayanmu, wanda ɗan kasuwa ne, ya ce ai wannan ko yaro ya san amsa: ga wadda ta fi ɗagawa, ga allo marar nauyi, ga katifa, kuma ta fi araha da jaka 75. Mutumin da ake tsoron ya nutse, ina dalilin ƙara masa ƙarfe a baya? Mu da muka yi lakwal, da ya kamata mu ce a dakata, mu ne muka fara gyaɗa kai. Mun ma ɗauko waya za mu ce wa Auta ya je ya biya kafin wani ya riga shi.

Baba yana gefe a kan tabarma, bai ce komai ba sai a lokacin.

"Ku tsaya tukun. Wanga kaya, nawa ne nauyinsa in yaron yana cikin ruwa?"

Muka ce ai kusan kilo 40 ne.

"Wannan a tudu kuka hwaɗi. Guga a cikin ruwa da guga a bakin rijiya nauyinsu ɗaya ne? Ni na cikin ruwa nake tambaya. Wa ya auna?"

Babu wanda ya auna.

Ga waɗanda ba su san Baba ba: sama da shekara talatin ya yi yana ginar rijiya da yasa. Ya yi lebura a rijiyoyin siminti na OFEDES tun yana saurayi, daga baya ya zama shi ake aikowa a ɗauka daga ƙauyukan Kanan Bakashe har zuwa wajen Urafan in guga ya faɗa, ko rijiya ta cushe, ko, Allah Ya kiyaye, in mutum ne a ciki. Bai taɓa ganin teku ba. Ruwan da ya fi girma da ya gani shi ne kogin Kwara, sau ɗaya, ta tagar mota a Yamai. Amma ya san abin da ake nufi da mutum ya sauka inda babu mai jin kiransa, ransa yana rataye da abin da wasu suka zaɓa masa a sama.

Ya ce a sana'arsu sabon shiga shi ke neman igiya mafi kauri, yana ganin ita ce tsira. Igiya mai kauri fiye da kima ba ta ƙulluwa da kyau, ƙullin yana zamewa, hannun masu ja ba ya kama ta, kuma nauyinta kaɗai a gaba talatin ya isa ya gajiyar da su kafin a zo kan mutum. Igiya daidai kaya ake nema. Sai ya sake jefo wata: "In salkar nan ta hwashe yana can ƙasa, mi za ya yi?"

A daren nan ba a aika ko dala ba.

Washegari bayan mun sauka daga shirin safe muka kira maigidan Auta, dattijon nan ɗan Togo. Da Faransanci muka yi maganar, kusan awa ɗaya, kuma mun ji kunya ƙwarai, don duk abin da ya faɗa mushenmu na fizik ya taɓa rubuta mana shi a allo a kwaleji. Dokar Arshimed ce: duk abin da ka tsoma a ruwa, ruwan yana tura shi sama da ƙarfi daidai nauyin ruwan da ya ture. Mun haddace ta mun ci jarrabawa, ba mu taɓa zaton wata rana za ta shigo zaurenmu ba. Salka mai ɗaga kilo 18 jaka ce mai cin lita 18 na iska, ƙasa kaɗan da bido mai lita 20. Mai kilo 27 ta fi babban bidon nan ruwan ɗorawa mai lita 25. Wanda ya taɓa yin wasa a tafki yana yaro ya san yadda bido marar komai yake: ka danna shi ƙasa da dukan ƙarfinka, ka sake shi, ya yi tsalle ya bar ruwa.

To a nan ne hatsarin yake, kuma mu ba mu hango shi ba. Mu nutsewa kawai muke tsoro. Su masu aikin, tasowa da sauri suke tsoro fiye da komai. Iskar da ke cikin salka tana kumbura in mutum yana hawowa, tun da matsi yana raguwa. Daga mita 10 zuwa sama kaɗai ninkawa take yi. In salka ta fi ƙarfin kayan, iskar tana samun lungunan da za ta maƙale, mutum yana jan igiyar sacewa ba ta fita duka, tana kumbura tana jan shi, yana hawa tana ƙara kumbura. Wanda ya daɗe a mita 30 jininsa ya sha iskar azot. Dole ya hawo a hankali, kamar mita 9 ko 10 a minti, ya tsaya a mita 5 na ƴan mintoci. In ya taso kamar bido, azot ɗin yana tafasowa a jini kamar lemun kwalba da aka girgiza aka buɗe, ya kama gaɓoɓi, ko laka, ko ƙwaƙwalwa. Akwai waɗanda suka fito da ransu amma ba su sake takawa ba. In kuma ya riƙe numfashi don firgita, huhun ne ke yagewa.

Dattijon ya ce babbar salkar nan ba ta da laifi, amma an ɗinka ta ne don manyan tulunan baƙin ƙarfe masu kauri da nauyi, irin waɗanda ake shiga ruwan sanyi da su a Turai. A kan tulunan Auta, waɗanda kaurinsu bai wuce santimita 18 da ɗan kai ba, gefunanta za su yi saura, su naɗe sama su rungume tulunan, su riƙa kama igiyar ruwa suna ja da shi baya. Kuma shi aikinsa kusa da sarƙa ne mai kaifin kumba da tsatsa. Duk abin da ya yi reto a jikinsa abin yagewa ne.

Sai muka zo kan tambayar Baba, wato nauyi a cikin ruwa. Iska tana da nauyi, ko da yake ba mu saba tunanin haka ba. Wadda ke cikin tulunan biyu ta haura kilo 5. Mai nutso yana shiga da ita, yana shaƙa yana fesarwa, saboda haka a ƙarshen aiki ya fi farko sauƙi da kilo 5. Rigar roba da yake sawa, mai kaurin milimita 3 tun da ruwan Lome ba sanyi gare shi sosai ba, tana ɗaga shi da kamar kilo 2 a sama, amma a ƙasa matsi yana latse ta har ta kusa daina ɗagawa. Aikin salka shi ne ta cike wannan giɓi: kilo 5 na iska, da kilo 2 na riga, ka ce 7 ko 8, sai ɗan abin da ya riƙe na kayan aiki. Sannan ta iya riƙe kayan a saman ruwa in ya tuɓe su zai hau kwalekwale, ta kuma ɗaga kansa sama da taguwar ruwa yana jiran a ɗauke shi. Kilo 18 ya ninka bukatar har da saura. Kilo 27 kuwa sayen raƙumi ne don ɗaukar tiya biyu.

Maganar allo ita ta fi ɗaure wa babban yaya kai, kuma gaskiya ba mu ga laifinsa ba. Tulun alminiyom yana da wata ɗabi'a: in yana cike nutsewa yake yi kaɗan, in ya kusa ƙarewa sai ya koma yana tasowa, kowane ɗaya da kusan kilo 2. Ke nan a daidai lokacin da Auta ke bukatar ya tsaya cak a mita 5, jininsa yana sakin azot, a lokacin ne tulunansa ke neman jan shi sama. Dole a ba shi nauyin da zai danne wannan. Ko dai ya ɗaura dalma mai yawa a ƙugu, wadda ke karya baya tana sunkuyar da ƙafafu, ko kuwa nauyin ya zauna shimfiɗe a bayansa, daidai saitin huhu, inda jiki ya fi tasowa. Allon inoks shi ke yin wannan aikin. Da tulunan baƙin ƙarfe gare shi, waɗanda ko babu iska a ciki ba sa jan mutum sama haka, da allon alminiyom ne daidai, don kada nauyi ya yi masa yawa. Ashe ba a tambayar wane allo ya fi. Tulu ake fara tambaya, da riga, da irin ruwan.

Da muka kawo wa Baba wannan bayani da daddare, bai nuna mamaki ba. Ya ce to saura tambayarsa ta biyu. Muka ce dattijon ya amsa ta: ƙa'idarsu ita ce kada kaya su yi nauyin da mutum ba zai iya hawowa da su da ƙarfin ƙafafunsa ba in salka ta mutu. Shi ya sa ba a zuba nauyin duka a allo. Ana barin ɗan kaɗan a ɗamarar dalma wadda za a iya kwancewa a yar, tare da kayan aikin hannu. Baba ya ce: "Wannan mutum ya san aiki. Mu ma ba mu sauka da abin da ba mu iya saki."

Baffanmu, wanda ba a zama ya rasa shawara, ya ce in allon ƙarfe ne kawai, mi ya hana a kai zanen wa mai walda a Tasawa ya yanko shi da jaka 5? An yi dariya, amma bai yi nisa da gaskiya ba. Masu nutso cikin kogunan dutse na Fulorida a Amurka, waɗanda suka yaɗa wannan tsari, na farkonsu daga allon alamar hanya aka yanko shi a 1979. Allon ba shi da wata dabara a ɓoye. Matsalar ita ce ƙarfen da mai waldarmu ke da shi, in ya sha ruwan gishiri wata biyu sai ya koma garin tsatsa, kuma ramin da ba a goge bakinsa ba wuƙa ne a jikin ɗamara.

Ɗamarar ce ta sa Baba ya tashi zaune. Ya sa muka buɗa masa hotunan a waya, muka ƙara musu girma saboda idonsa. Ya daɗe yana kallon ta farko, mai katifa. Ya ƙirga maɓallan roba da ɗinkin da ke jikinta da yatsa. Ya ce: "Wagga gami-gami ce. Kowane gami wurin tsinkewa ne." Ta biyun kuwa zare ɗaya ne mai faɗin santimita 5, an zura shi ta ramukan allon tun daga kafaɗa har ƙugu ba a yanke ba, da maɓalli ɗaya na ƙarfe a ciki. Sai ya ga wata guntuwa tana lilo a ƙasan allon, ya tambaya. Muka ce wannan ta tsakanin ƙafafu take bi ta haɗu da ta ƙugu, don kada kayan su zame su hau kan mutum in salka ta ja sama.

Ya yi shiru. Sannan ya ba mu labarin da ba mu taɓa ji daga bakinsa ba, ko da yake mun san an yi. Wani abokin aikinsa ne, a wani ƙauye arewa da mu, shekaru da yawa. An zura shi da igiya a ƙugu kawai, kamar yadda da yawa ke yi har gobe. Iskar ƙasan rijiyar ba ta da kyau, ya suma. Mutum in ya suma yana rataye ta ƙugu kifewa yake yi, kai ƙasa. Na sama suka ji igiya ta yi nauyi ba motsi, suka ja da ƙarfi. An kusa rabi suka ji ta yi sakayau. Baba ne aka zura ya ɗauko shi. Ya ce tun daga ranar bai sake sauka ba sai da ɗauri uku, ƙirji da ƙugu da tsakanin ƙafafu, kuma bai bari yaronsa ya sauka ba sai haka.

Inna tana bayan zana tana ji. Ba mu san tun yaushe take tsaye ba. Abin da ta ce kawai shi ne: "Ashe wankin jirgin a ƙasa ake yin shi." Babu wanda ya amsa. Da safe ta kira babban yaya ta ce a kai ragonta kasuwar Mayahi, wanda take kiwo don layya. Aka haɗa da buhun wake biyu da abin da muka cire daga albashi, aka aika jaka 125.

Amma Baba ya gindaya sharaɗi. Ya ce sabuwar igiya ba a fara gwada ta da mutum, buhun yashi ake zurawa tukun, a ja a sake, a duba ƙulli. Kada Auta ya je mita 30 da kayan sai an gwada su inda ƙafa ke kusa da ƙasa. Da muka gaya wa dattijon ya yi dariya, ya ce a gaishe da tsohon, su ma haka suke yi. Gwaji biyu aka yi, ranar wata Lahadi. Na farko da tuluna sun kusa ƙarewa, salka babu iska ko kaɗan, a ga ko zai iya tsayawa a mita 5 yana numfashi ba tare da ya taso ba. Da dalma kilo 2 ya tsaya. Na biyu da tuluna cike, a mita 10, aka sace salkar gaba ɗaya kamar ta fashe, aka ce ya hawo da ƙafa, dattijon yana gefensa. Ya hawo. Ya ce cinyoyinsa sun gaya masa, amma ya hawo, bai ma kwance dalmar ba. Sannan aka hura salkar tam aka bar ta a inuwa har la'asar, ba ta saki ba. Abu ɗaya aka canja: zaren ɗamarar ya ɗan ci a inda yake gogar allo, aka sayi sabo aka zura.

Vokal ɗin da ya aiko a daren, Baba ya sa an maimaita masa sau biyu. Bai ce madalla ba. Cewa ya yi a tambaye shi wa ke zama a kwalekwale yana kallon kumfarsa in ya sauka, kuma mutumin yana da waya a hannu ko babu. Aka ce wani yaro ne ɗan Aneho, kuma dattijon ba ya barin waya a hannun mai tsaro. Tun daga nan duk Juma'a in Auta ya kira, kafin gaisuwa ta ƙare Baba zai ce: "Ka duba kusoshin?"

Abin da ya dame mu bayan an gama shi ne namu na gida. Mun yi mako uku muna lissafin kilo da lita saboda ɗanmu da ke nisan duniya, alhali a bayan gidanmu ana zura ɗan wani gaba talatin da igiyar da ake jan wasaki da ita, ɗauri ɗaya a ƙugu, a kan ladan da bai kai kuɗin buhun siminti ba. Yanzu ma an ƙaro wata masifa, a sauke injin ban ruwa cikin rijiya don a tsotse ta kafin yasa. Hayaƙin injin yana kwanciya a ƙasa. Fitilar da su Baba ke zurawa kafin mutum tana nuna inda iska ta yi ƙaranci, don mutuwa take yi. Amma gubar hayaƙin inji ba ta kashe fitila, ba ta da wari ba ta da launi, mutum take kashewa. Mun faɗi wannan a rediyo ba sau ɗaya ba, za mu kuma faɗa.

Da rani ya yi aka tashi yasar rijiyar unguwarmu, mun sa Auta ya aiko da mita shida na irin zaren ɗamararsa ta hannun wani direba. Yaron da zai sauka ya so ya ƙi, wai zai takura masa. Baba ya sa aka kawo masa kujera har bakin rijiya, ya ɗaura masa da hannunsa, ƙirji da ƙugu da tsakanin ƙafafu, ya sa aka ɗaga shi sama da ƙasa kamu biyu ya sake jiki kamar wanda ya suma, kowa ya ga bai kife ba. An zura buhun yashi, an zura fitila, injin yana can nesa a tudu, tiyonsa kaɗai aka saukar. Ranar Asabar aka yi, daga hantsi zuwa azahar. An fito da laka amalanke uku, da guga huɗu, da ƙugiya biyu, da wayar salula, da wani kwanon sha da Inna ta ce nata ne, tun shekarar da aka yaye Auta take nemansa.